Nakiyar da Ta Ɓace a Madekali

Ran Asabar da hantsi Issaka ya buɗe ɗakin nakiya ya ƙirga, ya sake ƙirgawa, sai ya zauna a bakin ƙofa ya riƙe kai. Sanda biyu babu, har da igiyar kunna su.

Issaka shi ne mai fasa dutse a shantiyen da ke gabas da Madekali, inda wani kamfani ke gwada jan dutsen tama ya ga ko zai ba da ƙarfe. Mutumin Gaya ne da ke ƙetaren kogi, shekara goma sha ɗaya yana wannan aiki bai taɓa rasa ko guntun igiya ba. Ɗan makullin ɗakin a wuyansa yake rataye. Ƙofa ba a ɓalle ta ba, kwanon rufi ba a ɗaga shi ba.

Kafin azahar jandarmomi sun iso daga Malanbil. Ɓacewar nakiya a bakin iyaka ba ƙaramar magana ba ce, kumandan kuma ya so ya tafi da Issaka nan take. Maigari ya yi ta roƙo har ya tsaya masa. Kumandan ya ba da kwana uku: ran Talata da la'asar zai dawo, ko ya tarar da nakiya ko ya tafi da mutum.

Gari ya ɗauki surutu. Wasu suka ce Issaka ya ƙetare da ita Gaya ya sayar. Wasu suka ce a tambayi Khamis masunci na Garu, wanda ya cika kwale-kwale da kifi ran Jumma'a alhali kowa ya dawo hannu wofi. Maigari ya saurari kowa, sannan ya aika a kira masa Ɗangana.

*

Ɗangana gajeren tsoho ne mai yawan dariya. Shekara talatin ya yi yana bin sawun shanun sata tsakanin Kandi da bakin kogi, yanzu kuma yana da rumfar albasa a kasuwar Malanbil, sai in an kira shi ya rufe ta. Ya iso a kan tsohon motonsa, wato babur, ya tsaya gaban ɗakin nakiya ya kalli ƙasa, sai ya fashe da dariya.

"Maigari, biki kunka yi nan? Ga takalmin jandarma, ga silihwas ɗin rabin gari, ga akuya ita ma ta zo ganin ido. Wanga ƙasa ba ta da sauran abin hwaɗi."

"To yaya za a yi, Baba Ɗangana?"

"Sai mu tambayi mutane. Su ma suna barin sawu, bakinsu ne ƙasar."

Ya ja Issaka gefe suka zauna a inuwar wani kamyo, babbar motar kaya. Issaka ya ce ran Alhamis ya fito da akwati da safe, ya ɗura ramuka, aka busa jiniya sau uku bayan la'asar, ya tayar. Abin da ya rage a akwatin ya mayar ɗaki.

"Ka ƙirga kahin ka mayar?"

Issaka ya sunkuyar da kai. "Ban ƙirga ba, Baba. Na gaji, na ce sai Asabar."

"To, wanga laihinka ne, ka riƙe shi. Yanzu gaya mani, yaya abin nan ke hwasa dutse? Ni shanu na sani."

Fuskar Issaka ta ɗan saki. Duk tashin hankalinsa, ba ya iya yin shiru in an tambaye shi aikinsa. Ya tsinci duwatsu biyar mulmulallu ya jera su a kan katako suna taɓa juna.

"Mutane suna tsammanin wuta ce ke hwasa shi. Bugu ne, Baba. Duba." Ya bugi na farko da wani dutse. Na tsakiya ba su motsa ba, na ƙarshe ya yi tsalle ya faɗi ƙasa. "Ka gani? Bugun ya bi ta cikinsu. Haka shi ke cikin dutse. Kusa da rami shina niƙe shi ya zama gari. Gaba kaɗan shina tsattsaga shi ko'ina, kamar wayoyin ƙahwar keke. In ya kai inda dutse ya ƙare iska ta soma, ba shi da wurin zuwa, sai shi juyo baya shina jan dutsen. Dutse kuwa ka danne shi yadda ka so, zai daure, amma ba shi jure ja. Sai huskarshi ta ɓare hwalle-hwalle. Bayan haka hayaƙi ke shiga tsagogin shi ture. Tama ma daidai jijiyarta take rabuwa da dutsen banza, don ba su ɗaukar bugun iri ɗaya."

"Duk cikin ƙihtawar ido?"

"Bai kai ba. Bugun ya hi ƙara gudu nesa ba kusa ba. In kana nesa, ƙasa za ta hwara gaya maka ta tahin ƙahwa, sai daga baya kunne shi ji. In kana kusa, tare suke zuwa."

Ɗangana ya ɗauki dutsen da ya faɗi ya jujjuya shi. "Wa ya zo kusa da akwatin ran nan?"

"Ba kowa. Leburori na can nesa da jar tuta. Balkissa mai tuwo ta kawo abinci kamar kullum, na ci, na yi salla. Shi ke nan."

*

Lahadi da safe Ɗangana ya tafi Garu. Ya tarar da Khamis a bakin ruwa yana ɗinkin koma, matarsa na banda kifi a bayansa. Khamis ya riga ya ji abin da ake faɗa a kansa, ya tashi a fusace.

"Baba, ni? Kakana masunci, ubana masunci, in jehwa wa kogi nakiya? Mi 'ya'yana za su ci baɗi?"

"Zamna, ɗana. Ban zo da igiya ba, da yunwa na zo."

Aka kawo masa kifi. Ya ci ɗaya har ƙaya, sannan ya roƙi a kawo masa ɗanye daga na ran Jumma'a da aka sa wa gishiri. Ya buɗe kunnen kifin, ya duba ciki, ya duba ido. Ya taɓa ganin kifin da aka kashe da nakiya: jakar iskarsa a fashe, ido ja wur, nama lugub kamar an daka. Wannan kuwa lafiyayye ne, ga shatar zaren koma a wuyansa.

"Ina ka samo su?"

Khamis ya waiwaya hagu da dama ya rage murya. Wani gurbi ne bayan tsibiri inda ruwa ya ja da baya ya kulle kifi. Bai gaya wa ko ƙanensa ba.

"To ni ma ban ji ba," in ji Ɗangana. "Amma ƙara mani ɗaya, don mantuwa ta kama ni da kyau."

Daga nan ya bi ta gadar Malanbil ya zauna da 'yan kabu-kabu da masu fito. Babu wanda ya ɗauki Issaka tun watan jiya, kuma su mutane ne da ba sa rasa sanin wanda ya ƙetare. Rana ta biyu ta faɗi Ɗangana bai samu komai ba sai cikakken ciki.

*

Ran Litinin ya koma Madekali ya ajiye moto, ya shiga unguwanni da ƙafa yana gaishe da tsofaffi. A ƙarshen gari ta yamma, nesa da shantiye, ya samu Kaka Maijidda zaune a kan tabarma tana ɓarar gyaɗa. Idonta ya mutu shekara shida, amma babu abin da ke wuce kunnenta.

"Kaka, tashin dutsen nan ba shi damunki?"

"Na saba, ɗan nan. Randata ke gaya mani. Moɗa ta yi kaf-kaf bisa murhin randa, in yi salati cikakke, sannan ƙara ta zo. Kullum haka. Sai dai ran Alhamis abin ya yi mani rashin kunya."

"Kamar yaya?"

"Ba sallama! Ƙasa da ƙara sunka zo tare, dum, nan ƙarƙashin tabarmata, har gyaɗa ta watse. Ina cikin tattarawa moɗa ta yi kaf-kaf, na yi salatina, sannan wadda na sani ta zo. Na gaya ma matan gidan nan, sunka ce tsuhwa ce."

Ɗangana ya yi murmushi. Tashi biyu ke nan, ɗaya nesa, ɗaya kusa. Ya ba Kaka goro ya fita bayan gidan, ya sa ido a ƙasa.

Nan babu jandarma, babu 'yan kallo, ƙasa tana magana sarai. Sawun mata ne masu yawa a kan wata siririyar hanya da ciyawa ta fara cinyewa. Masu tafiya yamma sawunsu sama-sama, masu dawowa dunduniyarsu ta nutse, taku gajere, ga ɗigon ruwa ya bushe a gefe. Ya bi su har bayan wata gonar dawa, ya tarar da rijiya an rufe ta da zana an ɗora ƙaya.

Ya san labarin rijiyar. Bara mutanen unguwar suka sa Mati mai haƙar rijiya ya haƙa ta, ya yi gaba goma sha huɗu ya ci karo da dutsen da ya karya masa diga biyu, aka haƙura. Tun lokacin matan ke tafiya fadama ɗibar ruwa, tafiyar da ke cinye musu safiya ɗungum.

A gefen rijiyar akwai sabon tsibin duwatsu da aka yayyafa wa ƙasa. Ya tona ya ɗauko ɗaya, falle mai faɗi kamar kasko, babu shatar diga ko kurfi a jikinsa. Ya ɗaga zana ya saki tsakuwa. Ta daɗe tana tafiya, sannan ya ji tsulum.

Ya zauna a kan tsibin ya yi dariya shi kaɗai har hawaye.

*

Talata da la'asar aka taru a ƙofar maigari. Kumandan ya zo da mota da jandarma biyu. Issaka na zaune da ƙullin tufafinsa a cinya, don ya riga ya sallama. Khamis ya zo daga Garu. Ɗangana ya sa an kira Mati, dogo siriri mai tabon aiki a hannu, da Balkissa mai abinci, wadda ta zo da goyo a baya. Matan unguwar yamma suka biyo ta su wajen talatin, suka tsaya daga baya.

Ɗangana ya fara da Khamis, ya ce kifinsa na koma ne, ya ci ya tabbatar. Aka yi dariya. Ya ce Issaka bai taka gada ba. Sannan ya fito da fallen dutsen daga aljihun rigarsa ya miƙa wa Issaka.

"Karanta muna wanga."

Issaka ya juya shi, ya shafa gefensa da yatsa. "Nakiya ce ta ɓare shi. Amma ba na shantiye ba ne, namu ja ne. Wanga daga ƙasa can ƙwarai ya hito, kuma ruwa ya taɓa shi."

"Mati," in ji Ɗangana, "kai da ka yi shekara bakwai cikin ramukan zinari, ran Alhamis bayan la'asar ina kake?"

"Gona, Baba."

"Wace gona?"

Mati ya sosa ƙeya. Ɗangana ya juya wajen matan. "Ku kuma, iyayena, kwana huɗu ba a ga ko ɗayanku bisa hanyar hwadama ba, amma ga zannuwanku wankakku tas. Ruwan sama anka yi muku ku kaɗai?"

Wata daga baya ta kasa riƙe dariya, ta toshe baki da mayafi. Sai Balkissa ta matso gaba ta durƙusa.

"Ranka shi daɗe, ku ƙyale Mati, ni ce. Sa'adda Malam Issaka ya juya shina salla, na ɗauki biyu na sa cikin kwanon tuwo na ruhe da hwaihwai. Sau uku munka roƙi patoro, uban gidan shantiye, shi taimake mu da rijiyar nan, ya ce ba shi da takardar yin haka. Watan jiya ɗiyata ta hwaɗi da tulu bisa hanyar hwadama, da cikinta wata bakwai. Allah ya tsare, amma na ce ba a ƙarawa. Ni na matsa ma Mati. Da anka busa jiniya ya kunna, don ƙarar ta ɓace cikin tasu." Ta juya wajen Issaka. "Wallahi na zaci ba za a lura ba. Tun Asabar abinci bai wuce mani ba. Mun yi shawara da matan nan, in mota ta tashi da kai za mu tare hanya mu hwaɗi gaskiya."

Issaka ya miƙe zumbur, ƙullin tufafin ya faɗi. Kowa ya zaci zagi zai yi.

"Biyu kunka sa? Duka sun tashi?"

"Ɗaya na sa," in ji Mati. "Na ga za ta isa."

"Ɗayar hwa?"

"Tana cikin rumbuna," in ji Balkissa, "na naɗe ta da zane, ƙarƙashin dawa."

"Rumbun da ke kusa da murhunki? Inna lillahi! Kowa shi tsaya nan!"

Ya ruga a guje, jandarma ɗaya na bin sa. Ba a jima ba ya dawo yana tafiya a hankali, abin a tafin hannunsa biyu kamar jariri sabon haihuwa. Ya sa shi a akwati ya kulle, sannan ya zauna ƙasa ya sauke numfashi. Wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa, sauran suka amsa.

Kumandan bai yi dariya ba. Ya ce an ɗauki abin da zai iya kashe unguwa guda, kuma doka ba ta san ƙishirwa ba. Balkissa da Mati za su bi shi Malanbil. Matan suka ce to a kawo kamyo, don su duka suka sha ruwan, su duka suka rufe baki. Ya kalle su ɗaya bayan ɗaya, ya cire hula ya share gumi, ya ce a fara kai shi ya ga rijiyar.

Gari duka ya bi. Issaka ya ɗaura igiya a ƙugu aka zura shi da tocila. Ya daɗe a ciki. Da aka jawo shi wandonsa jiƙe yake har gwiwa.

"Mati, wa ya koya maka aiki? Raminka ya karkace, ka tsaga bangon arewa, sai an ɗaure shi da siminti kahin kowa shi sake zura guga." Ya matse bakin wandonsa. "Amma ka samu jijiyar. Dutsen kamu biyu ne kawai, ruwa na ƙarƙashinshi shina jira. Bugun ya kai ga ruwan, ya tsaga murhin, ruwa ya taso da kanshi."

Aka jawo guga ɗaya aka ba kumandan. Ya sha, ya tsaya, ya ƙara sha. Duk da haka ya tafi da su biyun.

*

Kwana tara suka yi a Malanbil. Kullum matan unguwar yamma na zaune a ƙofar birgadi, ofishin jandarmomi, da kwanukan abinci, har jandarmomi suka fara ƙiba. Maigari ya yi ta zirga-zirga, Issaka ya je da ƙafarsa ya faɗi nasa sakacin, Ɗangana kuma ya ba da shaidar cewa babu abin da ya ƙetare kogi. Alƙali ya yanke musu wata shida na jeka-ka-gyara-halinka, ya ce in suka ƙara taɓa ko igiyar nakiya sai sun yi su a kurkuku. Issaka an dakatar da shi sati biyu, ya cinye su a bakin rijiya yana ɗaure bango da simintin da patoro ya aiko ba tare da ya ce komai ba.

Ranar da aka sako su, 'yan kabu-kabu goma sha biyu suka rako su har Madekali suna ta oda. An yi kiɗa, an yi guɗa, an ɗauko Kaka Maijidda a kan kujera an kai ta bakin rijiya ta taɓa gugan farko. Ɗangana na gefe ya cika bido biyu, wato jarkoki, da ruwan rijiyar ya ɗaure a bayan moto, ya ce ladansa ke nan, kada wanda ya ƙara masa ko goro.

Balkissa ta ratsa taron ta samu Issaka yana wanke cebur. Ta durƙusa a gabansa.

"Malam Issaka, na kusa kashe maka aiki da suna. Ka yahe mani."

Ya dube ta, siminti na ɗiga daga hannunsa.

"Na yahe, Balkissa, duniya da lahira. Gobe ki kawo tuwo, na gaji da garin rogo." Ta fara godiya, ya ɗaga yatsa. "Amma daga yau kwanonki buɗe zai shigo shantiye, buɗe zai hita."